Yaya makaranta za ta fita daga yarjejeniyar dila ɗaya na yunifom?

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar kwangila ko ta ɗinki.

Makaranta ta ƙulla yarjejeniya da dila ɗaya, shi kaɗai ke sayar da yunifom. Inda gizo ke saƙar shi ne bajo. An ɗinka shi kai tsaye a jikin riga, suwaita da kayan wasanni, don haka ko da yadin gama-gari ne, mai auduga kashi 35 da roba kashi 65, iyaye ba su da damar kai wa tela ko saye a wani wuri. Ga yara na girma, mai 'ya'ya uku kuwa yana ji a jikinsa.

Dilan ma yana da hujja: masaƙa ba ta rina launi na musamman sai an yi odar bandir da yawa, kuma dole ya ajiye kowane sayiz. Shi ya sa ya sa sharaɗin cewa in an soke yarjejeniyar, makaranta za ta saye ragowar kayan. Nan muka tsaya cak.

A Ingila, ƙa'idar gwamnati ta 2021 ta ce a rage kaya masu tambari, a kuma sake buɗe gasar kwangila aƙalla duk shekara 5.

Shin sayar da bajo daban, a liƙa da dutsen guga ko a ɗinka, zai saɓa wa yarjejeniyar? Kuma ragowar kayan, da kuɗin sari ake lissafa su ko da farashin sayarwa?