In kama ɗaki a waje ko in ci gaba da zama hostal?

Ɗan Tambuwal: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina aji biyu a jami'a a Sakkwato, can wajen Dundaye, mu huɗu ne a ɗakin hostal. Tun ina sakandare nake son finafinan ban tsoro, musamman na Koriya da Tailan da Indonesiya, irin waɗanda ba jini ake watsawa ba, shiru ne da duhu da ƙarar ƙofa. Kullum in na dawo lacca bayan la'asar sai in ci abinci, in yi karatu har goma da rabi, sannan fim ɗaya kafin barci. Shi ne hutuna, ba na kallon ƙwallo, ba na zaman hira. Da iyafis nake kallo, babu mai jin sauti. To na gadon sama ya leƙo ya gani sau biyu. Makon jiya ya farka da ihu cikin dare, wai an danne shi ya kasa motsi, ya ga mace tsaye bakin ƙofa. Yanzu ya ce ni na jawo mana aljanu, sauran biyun sun bi bayansa, ko gaisuwa da ƙyar. Na samu ɗaki ɗaya kusa da Kwalkwalawa, naira dubu 90 a shekara. Ina da dubu 60 da na tara a gyaran waya lokacin hutu, yayana zai cika mini. Waɗanda suka taɓa zama a waje, in biya ko in haƙura, kuma zaman kaɗaici yana shafar karatu? Don Allah ba shawarar daina kallo nake nema ba.

Ummu Hanan: Wa alaikumus salam. Ƙanena ka sayi iyafis mana, shi ke nan magana ta ƙare.

Na Rijiyar Ɗorowa: Ka daina kallon wanga abu. Ka kwanta da alwala, ka karanta Ayatul Kursiyyu da Falaƙi da Nasi, kai da abokin naka. Mi za ka ƙaru da shi ga kallon fatalwa tsakar dare?

Ɗalibar Likitanci: Abin da ya samu abokinka dannau ne. A lokacin mafarki ƙwaƙwalwa tana sassake tsokokin jiki don kada mutum ya aikata abin da yake gani. Wani lokaci sai hankali ya farka kafin jiki ya sake, mutum yana gani yana ji amma ba ya iya ɗaga ko yatsa, kuma da yawa suna ganin kamar wani na tsaye a ɗakin. Daƙiƙoƙi ne zuwa 'yan mintuna. Rashin isasshen barci da damuwar jarabawa da kwanciya rigingine suna ƙara shi. Ya yi addu'arsa, ya kuma gyara barcinsa.

Bagobiri: Ku bar zancen aljanu ku ji nawa. A 2022 na bar hostal saboda hayaniya, ina aji huɗu. Dillali ya kai ni ɗaki da yamma, bayan rana ta yi sanyi, na biya dubu 80 da la'ada dubu 8. Sai da na tare na lura babu silin, kwano ne tsirara. Wanda ya san Sakkwato a watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, ya san me nake nufi. Ƙarfe biyun dare bango yana huci kamar tanda. Rijiyar da aka nuna mini ta ƙafe tun Maris, kullum sai 'yan ga-ruwa. Duk na jure. Na tafi gida ƙaramar Sallah kwana biyar, na dawo na tarar an ɓalle kwaɗo. Kwamfutata, katifa, risho, har bokiti. Furojet ɗina babi uku yana cikin kwamfutar, ban ajiye shi ko'ina ba. Mai gida ya ce shi ɗaki ya ba ni haya, ba gadi ba. Dillali ya daina ɗaukar wayata. Abokan karatuna suka tafi bautar ƙasa ina nan ina sake rubutu daga babi na ɗaya. Har yau in na bi ta layin gabana faɗuwa yake.

Sarkin Barkwanci: Aljanar da ta iya shiga ɗakin maza huɗu a zafin garin nan ta tsaya bakin ƙofa, wallahi a yi mata rajista, ta cancanci katin ɗalibi.

Injiniya Arkilla: Dubu 90 an cuce ka. Ni dubu 25 na biya shekara biyu a jere, da rijiya a tsakar gida.

Bagobiri: Yaushe ke nan Injiniya?

Injiniya Arkilla: 2011, bayan ambaliyar 2010 da ta cinye gadar hanyar jami'a. Mu muka ga wahala ta gaske.

Maman Sultana: Haba yaya, kuɗin 2011 kake kawo wa yaron da zai biya bana? Ƙanin mijina dubu 150 yake biya a Runjin Sambo, kuma ban da wuta.

Injiniya Arkilla: Runjin Sambo cikin gari ne Hajiya, ba a haɗa shi da ƙauye. Ke ma ba ki taɓa zaman haya a matsayin ɗaliba ba, labari kike ji.

Na Rijiyar Ɗorowa: Dukkanku kun bar asalin magana. Ita wadda tac ce dannau ne, ko digirin ba ta gama ba. Mu da munka ga an yi wa mutane ruƙiyya da idonmu fa?

Ɗalibar Likitanci: Malam ban musa samuwar aljanu ba, suna cikin Alƙur'ani. Na faɗi abin da alamomin suka nuna ne, kuma ni kaina ya taɓa samuna ana gobe jarabawa, ban kuwa taɓa kallon irin finafinan nan ba.

Ɗan Tambuwal: Na gode muku. Yaya Bagobiri Allah ya mayar da alheri. Ɗakin akwai silin, na duba, ruwan ne ban tambaya ba. Abin da ke ci mini rai shi ne mun shekara muna cin garin kwaki a kwano ɗaya da yaron nan. Amma har yanzu ba wanda ya ce mini ko zaman kaɗaici yana shafar karatu.

Bagobiri: Silin ba ya hana ɓarawo. Ka tambayi wa ke kwana a gidan lokacin hutu. Kuma kada ka miƙa ko sisi ga dillali, sai hannun mai gida, da shaidu biyu da takarda.

Ummu Hanan: Ai dillalan garin nan sai addu'a. Ni kuɗin ganin gida kawai aka karɓa mini sau uku, dubu biyu-biyu, gidajen kuma duk da mutane a ciki.

Maman Sultana: Ga kuɗin kabu-kabu. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 inda nake zuwa a ɗari biyu yanzu sai biyar, in rana ta take ma sai ka roƙa.

Ɗan Kabu-kabu: Hajiya ki tambayi kuɗin lita da na baƙin mai da taya tukuna. Ga balas ɗin mai mashin kowace yamma. Mu ma ba daɗi muke ji ba.

Maman Sultana: To ranar da mai ya ɗan sauko me ya hana ku sauko?

Ɗan Kabu-kabu: Shinkafa ta sauko ne?