Dan Allah a taimaka min: kwarkwata a kan yarinya mai kirci

Maman Ilham

Assalamu alaikum iyaye mata da ma'aikatan lafiyar da ke wannan zaure, dan Allah shawara nake nema dan wlh abin ya fara fin karfina. Yarinyata shekararta 4, tun tana jaririya take fama da kircin nan da likita ya ce mana ekzima ne, yana fito mata a lankwasar hannu da bayan gwiwa da wuya har bayan kunne, in hunturu ya shigo kuwa ba a magana, fatar ta bushe ta yi furu-furu ta yi ta susa har sai ta ji wa kanta ciwo. To ana cikin wannan sai ga kwarkwata kuma. Na zo tsefe mata kitso kawai sai na ga kwayaye sun manne a gashi ta wajen keya da bayan kunne, har da masu rai suna tafiya, ina zaton a Islamiyya ta kwaso dan suna musayar hijabi da kawayenta.

Damuwata ita ce keyar duk ta sale da susa, wani wajen har yana dan fitar da ruwa, ina tsoron in saka mata maganin kwarkwata ya kona ta ko ya kara tayar da kircin. Makwabciyata ta ce in daka kafur in kwaba da man gashi, kakarta kuma ta ce a aske kan kawai kowa ya huta, ita kuma yarinyar tunda ta ji maganar aski take kuka. Ya zan yi dan Allah?

Hajiya Ummi Zariya

Wa alaikumus salam, sannu 'yar nan, Allah ya ba ta lafiya. Mu dai a zamaninmu dan kalanzir ake digawa a man gashi a shafa a daure kan da dankwali zuwa safe. Sannan ki rika tafiya da matajinki da kibiyarki gidan mai kitso, dan kibiya daya sai ta bi kan yara goma a yini.

Sista Rabi

Hajiya ki yi hakuri da ni, maganar mataji da kibiya gaskiya ce amma kalanzir kam a'a, ni nas ce kuma muna ganin abin da yake jawowa. Yana kona ko lafiyayyar fata balle wadda ta riga ta sale, ga shi yarinya na gittawa kusa da murhu ko risho kan zai iya kamawa da wuta. Kafur ma Maman Ilham kar ki soma, guba ne, akwai yaran da yake fasa musu kwayoyin jini su kamu da shawara. Wanda ya fi duka hadari shi ne masu saka fiya-fiya ko Sniper a kai, maganin kwari ne da ke ratsa fata ya shiga jini, an rasa rayuka a kasar nan ta wannan hanyar, tun 2019 hukumar kula da abinci da magunguna NAFDAC ta hana sayar da shi a kasuwanni barkatai amma har yanzu wasu na yi.

Abu na farko tunda kin ce wajen yana ruwa, ki kai ta asibiti a duba kafin ki saka kowane irin magani. In kin ga bawo ruwan dorawa ya bushe a kan ciwon ko mugunya, ko kaluluwa ta fito mata a wuya, ko zazzabi, to kwayoyin cuta sun shiga kenan sai an hada mata da maganinsu.

Ita kuma kwarkwatar hanyar da ta fi dacewa da mai irin fatarta ita ce tajewa a jike, ba magani ko kadan. Ki tsefe kan gaba daya ki wanke, ki labta kondishina da yawa kar ki dauraye, santsin yana hana su gudu. Ki fara warware gashin da babban mataji, sai ki raba shi kashi-kashi kanana ki dauko matajin nan mai kananan hakora sosai ki rika ja daga tushen gashi har karshe, duk ja daya ki goge a farin kyalle ko tishu za ki gan su. A gashinmu aikin yana da cin lokaci gaskiya, ki zaunar da ita a gabanki ki kunna mata katun a waya, inda ya sale kuma ki sassauta hannu kar hakoran su karce shi. Sirrin abin maimaitawa ne, kwan yana kyankyashewa cikin kwana 7 zuwa 10 kuma mataji ba ya kwashe shi duka, shi ya sa za ki yi a rana ta 1 da ta 5 da ta 9 da ta 13, ki sake dubawa rana ta 17, ta haka kike kama 'ya'yan kafin su girma su fara nasu kwan. A tsakanin nan manyan kalaba kawai za ki rika yi mata masu saukin tsifa, a hakura da kananan kitso tukuna.

In fatar ta warke kuma har yanzu kina ganin masu rai, akwai maganin kwarkwata da ake kira dimeticone 4% in kin samu a babban kemis, shi rufe kwarkwatar yake yi ta mutu kuma bai cika damun masu ekzima ba, ana maimaita shi bayan kwana 7. Akwai kuma permethrin 1%, a gashin da aka wanke ba kondishina ake saka shi minti 10 a dauraye, amma yana iya yi mata zafi, ki tambayi likitanta tukuna.

Ummu Sadiq

Allah sarki, nawa yaron ma haka yake fama, ina jin abin har raina. Ni ta bangaren kircin zan yi magana. Mai shi ne maganin farko wlh, basilin fari mara turare ko man kadanya mai kyau wanda ba a hada shi da komai ba, kuma ba sau daya a rana ba, safe da rana da dare, a hunturun nan har fiye. Wanka da ruwa mai dumi-dumi ba mai zafi ba, kar ta dade a ciki, ban da soso ban da sabulun magani da su Dettol a ruwa, kina fito da ita ki dan daddanna jikin da tawul kar ki goga, ki shafa man tun da sauran danshi a jikinta. Kayan sanyi masu gashi-gashin nan kar su taba fatarta kai tsaye, ki fara saka mata na auduga a ciki. Farce kuma kullum a yanke shi kasa dan da dare cikin barci suke yin barnar, nawa har safar hannu nake saka masa. Sannan in kaya sun sha basilin suna saurin kama wuta, ki kula da ita wajen jin dumi.

Da kirim din nan mai hade uku da ake ba mutane a kemis, dan Allah ki guje shi, wani magani ne mai karfi da ake kira sitiroyid a ciki, zai kwantar da abin cikin kwana biyu ki ji dadi amma yana sirantar da fatar yaro ya kode ta, kina dainawa ya dawo. In ya tashi sosai likita kan rubuta man shafawa mai suna hydrocortisone 1% na 'yan kwanaki, a shafa dan kadan iya inda ya tashi.

Abban Khalifa

Ni da a ce yaro ne namiji da sai in ce aski ya fi sauki, amma mace kam a bar mata gashinta tunda akwai hanya, ku lallabi kakar. Kawai ki duba kan kowa a gidan har da naki da na yayyenta rana daya, in ba haka ba kina gamawa da ita wani zai mayar mata.

Maman Ilham

Na gode kwarai Allah ya saka muku da alheri, Hajiya ke ma na gode, zan ware mata matajinta. Gobe insha Allah za mu je asibiti. Sista Rabi dan Allah kayan kwanciyarta fa, sai na fesa wa dakin magani? Kuma in hana ta zuwa makaranta har ta warke?

Sista Rabi

A'a kar ki fesa komai, feshin zai iya tayar mata da kaikayin ma. Kwarkwata ba ta tsalle ba ta tashi sama, rarrafe take daga kai zuwa kai, in ta bar kan mutum kuma ba ta wuce kwana 1 zuwa 2 take mutuwa dan ba jinin da za ta sha. Rigar filo da zanin gado da hijabai da hulunanta ki wanke da ruwan zafi ki shanya a rana ki bi da guga, mataji ki jika shi a ruwan zafi kamar minti 10, shi kenan. Makaranta ta ci gaba da zuwa in kin fara tajewar, kircin dama ba a daukarsa, sai dai ki samu malamarsu a gefe ki fada mata a sanar da iyaye su duba 'ya'yansu a kuma hana musayar hijabin. In kin ga tana ci gaba da susa bayan an gama kar hankalinki ya tashi, kaikayin yakan dauki kwanaki kafin ya lafa, mai rai za ki nema a mataji. Gobe ki tafi da duk mayukan da kike shafa mata likitan ya gani.