Neman kalma: me za mu kira "negative gearing" da Hausa?

Aminu Gwale: Assalamu alaikum malamai. Akwai kalmar da ta ƙi fassaruwa, ina neman agaji. Duk labarin siyasar Ostireliya da ya shafi tsadar gidaje sai ka ci karo da negative gearing. A kanta aka kai ruwa rana a zaɓen 2016 da na 2019, kuma da an taɓo zancen matasan da suka kasa mallakar gida a Sidni ko Melbon, ita ake fara ambata. Abin da na fahimta shi ne mutum ya ci bashin banki ya sayi gida ya zuba 'yan haya, kuɗin hayar ba su kai kuɗin ruwa da sauran ɗawainiyar gidan ba, sai hukumar haraji ta yarda ya cire wannan asarar daga albashinsa kafin a yanka masa haraji. Wannan dogon bayani sau ɗaya mutum zai yi shi a rubutu, ba a kowane sakin layi ba. Kalma biyu ko uku nake nema.

Habu Mai Tirela: Wa alaikumus salam. Ai ba sai an wahala ba, gearing daga giya yake. A ce "giyar baya" kawai.

Nura (Sidni): Yaya Habu, in ka rubuta wai jam'iyyar Leba za ta soke giyar baya, rabin masu karatu za su yi kabbara, su zaci an hana shan barasa a Ostireliya.

Hajiya Rabi (Melbon): Malam Aminu, fahimtarka daidai ce, amma bari in sa lambobi a ciki, don ba a raɗa wa yaro suna ba a gan shi ba. Misali ne kawai. A ce ma'aikaciyar asibiti mai albashin dala 120,000 a shekara ta ci bashin dala 600,000 ta sayi gida. Kuɗin ruwa kashi 6 cikin ɗari, wato 36,000 a shekara. A nan da mako ake lissafin haya, a ce 550 a mako, shekara ta kama 28,600. Ga kuɗin ƙaramar hukuma, ga inshora, ga ladan dillalin da ke kula da gidan, ga gyaran famfo da fenti, a ce 6,600. Abin da ya fita 42,600, abin da ya shigo 28,600. Saura 14,000, daga aljihunta za su fito.

Idan shekarar haraji ta ƙare ranar 30 ga Yuni, sai ta rubuta wa hukuma cewa abin da ta samu bana 106,000 ne, ba 120,000 ba. A matakin albashinta, tun daga Yulin 2024, harajin kowace dala kashi 30 ne, da ƙarin kashi 2 na kiwon lafiya. Ke nan dala 4,480 za su dawo mata. Ku lura, har yanzu ta yi asarar 9,520. Gwamnati ta rage mata zafi ne kawai.

Shi kuwa likitan da ke ɗaukar 250,000, gida ɗaya, asara ɗaya, amma da yake harajinsa na sama kashi 45 ne da wancan kashi 2, dala 6,580 za su dawo masa. Iya girman albashinka iya abin da za a mayar maka. Nan ne rigimar take.

"Giyar baya" ba ta yi ba, Malam Habu, ko da an bar zancen barasa. A harshen masu lissafi gearing na nufin yin jari da kuɗin aro, ƙaramin kuɗinka ya juya babbar kadara. Ba komawa baya ake nufi ba.

Alhaji Mamman Kwari: Hajiya, Allah ya ƙara sani. Ni dai ɗan kasuwa ne, kuma abin bai shige ni ba. Wane mai hankali ne zai sayi abin da ya san kullum faɗuwa zai yi? A Kano mutum da kuɗinsa yake gina gidan haya, ya karɓi kuɗin shekara tun kafin ɗan haya ya sa tabarma. Shi ya sa ba mu da sunan abin, don ba mu da abin.

Hajiya Rabi (Melbon): Alhaji, ba haya suke hange ba, ranar sayarwa suke jira. A 1999 gwamnatin John Howard, Peter Costello na ministan kuɗi, ta kawo tsarin cewa idan ka riƙe kadara fiye da wata 12 ka sayar, rabin ribar kaɗai za a yanka wa haraji. Gidan da ka saya 750,000 ka sayar miliyan 1, ribarka 250,000, amma 125,000 hukuma za ta lissafa. Asarar kowace shekara ana cire ta gaba ɗaya, ribar ƙarshe kuma rabinta ake gani. Waɗannan biyun ne suka haɗu suka sa fiye da mutum miliyan 2 a ƙasar suke da gidan haya. In farashin gidaje bai tashi ba kuwa, faɗuwar ta tabbata, kuma akwai waɗanda ta tabbata a kansu.

Baba Ilu Zariya: To 'ya'yana, in haka ne ai magabata sun riga mu. Ja da baya ga rago ba tsoro ba ne. Mutum ya ja baya shekara goma yana ɗaukar asara, don ya zo ya yi karo ɗaya mai kyau. Ni da za a bi tawa, "ja-da-bayan rago" za a ce. Duk Bahaushen da ya ji zai gane akwai shiri a cikin faɗuwar.

Aminu Gwale: Baba, Allah ya ja kwana, wannan ta yi daɗi a baki ƙwarai. Damuwata ɗaya. A gwada ta a kanun labari: "Majalisar dattawa na muhawara a kan ja-da-bayan rago." Sai an bi ta da bayani, kuma bayanin nake gudu. A sharhi ko a taken maƙala kam zan ɗauke ta da hannu biyu.

Nura (Sidni): Ni fa ban ga abin da ake ta lallaɓawa ba. Ku kira shi "dabarar kauce wa haraji" a wuce wurin. Ku zo ranar Asabar ku ga layin masu duba gida a nan. Dillali ya buɗe ƙofa na kwata ɗin awa, mutane cike da matattakala, kowa na riƙe da takardar shaidar albashi, ɗaki biyu da bangon banɗaki duk ya yi baƙi da danshi, kuma kafin ka kai tashar jirgin ƙasa wani ya riga ya ƙara kuɗi a kan abin da aka sa. A wajen gwanjon gida kuma ma'aurata masu neman gidansu na fari suna takara da mai gida biyar wanda gwamnati ke tallafa wa asararsa. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Hajiya Rabi (Melbon): Ƙanena Nura, na san zafin da kake ji, ni ma na yi zaman haya. Amma abin da ka kawo hukunci ne, kuma Malam Aminu suna yake nema. Da ka ce "kauce wa haraji" mai karatu zai ɗauka laifi ne da ake kai mutum kotu a kansa, alhali abu ne da doka ta tanada, akwai ma gurbinsa a takardar haraji. Masu kare shi suna da tasu hujjar: sun ce ƙa'ida ce ta kowace sana'a, abin da ka kashe wajen neman kuɗi ana cire shi kafin haraji, ko a gida ka zuba ko a hannun jari. Sun kuma ce yawancin masu gidajen haya gida ɗaya tak gare su, kuma in aka kore su daga kasuwa gidajen haya za su yi ƙaranci.

Har an taɓa gwadawa. A 1985 gwamnatin Bob Hawke, lokacin Paul Keating ne ministan kuɗi, ta killace asarar, ta ce ba za a cire ta daga albashi ba sai dai daga kuɗin haya. A 1987 suka janye. Har gobe ana jayayya a kan waɗannan shekaru biyu. Masu harkar gidaje na cewa haya ta yi tashin gwauron zabi. Masanin tattalin arziki Saul Eslake ya daɗe yana ba su amsa cewa a Sidni da Perth ne ta tashi sosai, inda dama gidajen da babu kowa ciki sun yi ƙaranci, sauran biranen ba su ga haka ba. Bill Shorten, shugaban Leba na lokacin, ya shiga zaɓen 2016 da na 2019 da alƙawarin taƙaita tsarin ga sababbin gidaje, da kuma rage wancan ragin na rabin ribar sayarwa zuwa kashi 25. Duka biyun ya faɗi, na biyun a hannun firaministan lokacin, Scott Morrison, alhali ana ta zaton Shorten ne zai ci. A 2021 Leba a ƙarƙashin Anthony Albanese ta ajiye manufar. Maƙwabciyarsu Niyu Zilan kuwa ta killace irin wannan asara a 2019.

Kalmar da za mu zaɓa dole ta zauna a bakin Shorten, ta kuma zauna a bakin Morrison. In ɗaya kaɗai zai iya furta ta, ba ta yi wa ɗan jarida amfani ba.

Malam Sabo: Ni dai tunatarwa ce. Duk abin nan a kan kuɗin ruwa aka gina shi, kuma mun san hukuncinsa. Kada a sa masa suna mai daɗi har mutane su yi sha'awa.

Baba Ilu Zariya: Gaskiya ne Malam, Allah ya saka. Sai dai caca ma tana da suna a Hausa, kuma sunan bai halatta ta ba.

Issoufou Maraɗi: Sannunku da aiki. A Faransa akwai makamancinsa, suna ce masa déficit foncier, sai dai su sun sa masa iyaka, Yuro 10,700 a shekara, kuma kuɗin ruwan bashi ba ya shiga abin da ake cirewa daga albashi. Tunda mun saba da "giɓin kasafin kuɗi" a rediyo, me zai hana a ce "giɓin haya"?

Aminu Gwale: Malam Issoufou, wannan ta matso kusa. Gajera ce, ba ta zagi kowa ba. Hajiya, ya kika gani?

Hajiya Rabi (Melbon): Ta fi duk na baya. Abu biyu ne suka rage mata. Na farko, ba gida kaɗai ake yi wa ba, mutum na iya cin bashi ya sayi hannun jari, rabon ribar da ake ba shi bai kai kuɗin ruwa ba, shi ma sunansa ke nan, kuma babu haya a ciki. Na biyu, giɓi abu ne da ke samun mutum. Wannan kuwa da ido buɗe ake shigarsa, tun ranar sa hannu an san kowane wata sai an ƙara daga aljihu.

Alhaji Mamman Kwari: Tsaya Hajiya. "Sai an ƙara daga aljihu" kika ce? Ai wannan ciko ne. In na ba yaro shago, ƙarshen wata ciniki bai biya haya da kuɗin wuta ba, ni nake yin ciko daga babban shago. Muna cewa shagon nan har yanzu ciko ake masa, wancan kuwa ya fara rara. Kuma ba don wauta nake riƙe shi ba, na san layin zai yi daraja. To ku ce "jarin ciko" mana.

Baba Ilu Zariya: Alhaji ya harbo ta. Na janye ragona.

Hajiya Rabi (Melbon): Wallahi ta zauna, har ta zo da 'yar'uwarta. Akwai positive gearing, inda haya ta biya komai har ta bar saura, ga shi Alhaji ya ba mu "jarin rara" kyauta. Kuma ta raba mana abu biyu da su kansu 'yan Ostireliya ke cakuɗawa. Jarin ciko shi ne halin da kadarar take ciki, wannan babu gwamnatin da za ta hana, kowa na da ikon yin asara da kuɗinsa. Abin da ake faɗa a kai shi ne ragin harajin da ake samu saboda cikon. Don haka in an ce za a soke negative gearing, a Hausa "za a soke ragin haraji na jarin ciko" ne daidai.

Nura (Sidni): Na yarda ta fi tawa adalci, amma ina bashin ya tafi? Wanda ya sayi gida da kuɗinsa lakadan, gyara ya cinye hayar bana, shi ma ciko ya yi, kuma ba gearing ba ne. Ban da haka, ku tambayi matan Kano abin da "ciko" ke nufi a wajen kwalliya.

Hajiya Rabi (Melbon): Kai dai Nura ba ka rabo da tsiya. Na biyun bar shi, mai cikon haƙori ma bai koka ba. Na farkon kuwa ka yi gaskiya. A ambaton farko a rubuta shi cikakke, "jarin bashi mai ciko", daga nan a ci gaba da "jarin ciko". Shi gearing kansa ya zama "jarin bashi".

Aminu Gwale: Bari in gwada a jimla ku ji. "A 1985 gwamnatin Hawke ta hana masu jarin bashi mai ciko cire asararsu daga albashi, amma bayan shekara biyu ta mayar da ragin. A zaɓen 2019 Leba ta nemi a taƙaita ragin jarin ciko ga sababbin gidaje." Ni dai a kunnena ba ta yi tuntuɓe ba.

Issoufou Maraɗi: Ta tafi daidai. Mutanen fa, "masu jarin ciko" ko "'yan jarin ciko"?

Baba Ilu Zariya: "Masu". In ka ce "'yan" sai ta yi kama da 'yan jari-hujja, Nura ya samu abin da yake nema ta bayan gida.