Yuro 100 don kallon Kerry da Donegal: an kori talaka daga Croke Park ne?

Maman Fahad, Letterkenny: Assalamu alaikum jama'a. Akwai maganar da ta tsaya mini a rai tun jiya. Ranar Lahadi 27 ga Yuli 2025 gundumar Donegal za ta kara da gundumar Kerry a Croke Park, babban filin wasa na Dublin a nan Ayalan, wasan ƙarshe na kofin Sam Maguire, kofin da gundumomin ƙasar ke fafatawa a kai. Tikitin kujera yuro 100, na tsayuwa a Hill 16 yuro 55, kuma a wasan ƙarshe ba a yi wa yaro ragi. Ni da Fahad da babansa yuro 300 ke nan, ban sa kuɗin mai da abinci ba. Duk faɗin Donegal babu jirgin ƙasa, sai mota, tafiyar awa uku da wani abu kafin ka ga Dublin. Ni dai na ce GAA, ƙungiyar da ke gudanar da wasan, ta kori talakan da ya raya wasan nan daga babbar ranarsa. Wanda yake ganin ba haka ba ya fito ya faɗa mini dalili.

Nura, Limerick: Anti, a yi haƙuri da ni, wata biyar kacal na yi a ƙasar nan. Ƙwallon da ake ɗauka a hannu a ruga da ita ce ake biya wa yuro 100?

Alhaji Bala, Dublin: Ita ce, Nura. Ƙwallon Gelik. Mutum 15 kowane ɓangare, minti 70. Ka jefa a raga maki uku, ka ɗaga ta saman sandar tsakanin turaku biyu maki ɗaya. Kowa garinsu yake buga wa, babu saye babu sayarwa, kuma babu ɗan wasan da ke karɓar albashi. David Clifford da ake ta maganarsa a Kerry malamin makaranta ne.

Hajiya, na ji kukanki, amma ban yarda an kori talaka ba. Mu yi lissafi. A 2011 aka mayar da tikitin kujera yuro 80, a 2019 ya koma 90, a 2024 ya kai 100. Mafi ƙarancin albashi a ƙarshen 2011 yuro 8.65 ne a awa, a 2025 13.50 ne. Wancan lokacin ƙaramin ma'aikaci sai ya yi awa tara da ɗoriya kafin ya haɗa kuɗin tikiti, a 2025 awa bakwai da rabi ta ishe shi. Idan da gumin mutum za a auna, tikitin sauƙi ya yi.

Maman Fahad: Alhaji, lissafinka daidai ne a takarda. Amma a 2011 nawa ne hayar gida? Yau ta haura ninki biyu. Abin da ke ragewa a hannun mutum bayan haya da wuta da cefane shi ake sayen tikiti da shi, kuma shi ne ya ƙanƙance. Sannan da ana buga wasan ƙarshe na matasa kafin na manya a rana ɗaya, tikiti ɗaya wasa biyu. Yanzu an raba su. An rage kaya an ƙara kuɗi.

Injiniya Sabi'u, Cork: Ina bayan Maman Fahad, amma ni ta wata ƙofa. Filin nan yana ɗaukar mutum 82,300. Ku ninka da kanku, ko da an cire na tsayuwa da na baƙi, miliyoyin yuro ne a yini ɗaya. Su wa suka jawo taron? Samari talatin da ke fita atisaye cikin ruwan sama da sanyin Janairu bayan sun tashi daga aiki. Abin da suke samu kuɗin mai ne da ɗan tallafin gwamnati. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. In wasan sa-kai ne, a sa farashin sa-kai. In kuma kasuwa ce, a biya 'yan wasa mu san kasuwa ake ci.

Dakta Hadiza, Tralee: Injiniya, wane ne gardin? Ina so ka nuna mini shi. A ƙwallon Ingila na san gardin, attajiri ne ya sayi kulob, riba ta shiga aljihunsa. GAA ba ta da mai ita. Tun da aka kafa ta a Thurles a 1884 ƙungiyar membobi ce, kuma a rahotonta na shekara tana cewa sama da kashi 80 cikin 100 na abin da ta samu yana komawa ga gundumomi da kulob-kulob da koyar da yara da gyaran filaye. 'Yata tana buga wa kulob ɗin unguwarmu. Fitilun da suke atisaye a ƙarƙashinsu da magariba, da ɗakin canza kaya, da mai koyarwar da ke zagaya makarantun firamare, ba daga sama suka faɗo ba. Wasannin ƙarshe biyu, na ƙwallo da na hurling (wasan da ake buga ƙaramar ƙwallo da sanda), suna cikin manyan hanyoyin da kuɗin ke shigowa. In ka rage farashin rabi, gunduma irin Leitrim da ba ta da yawan jama'a ita za ta fara ji a jikinta.

Injiniya Sabi'u: Dakta, na karɓi rabin maganarki. Amma wani kaso mai tsoka na kuɗin gundumomi yana tafiya ne wajen shirya babbar tawaga: masu horarwa, masu tausa, masu nazarin bidiyo, otal, motoci. Kowa a gefen fili yana da abin da yake karɓa, sai wanda ke cikin fili. Kuma kar mu manta da rigimar GAAGO, tashar nuna wasannin GAA ta intanet, a 2023, da aka ɗauke wasu manyan wasanni daga talabijin aka ce sai ka biya ta intanet. Tsofaffin ƙauye da ba su da intanet mai ƙarfi su suka sha wahala. Yanzu an canza masa suna zuwa GAA+, biyan dai yana nan.

Alhaji Bala: Wasan ƙarshe kyauta ne a talabijin, a RTÉ da BBC. Ba wanda aka hana gani.

Maman Fahad: Alhaji, kallon Ɗawafi a talabijin da zuwa Makka ɗaya ne? Ba ina haɗa ibada da wasa ba ne, Allah ya kiyaye, ina nufin kai ma ka san bambancin gani a gilashi da tsayawa a wurin. Donegal sau biyu ta taɓa ɗaukar kofin nan, 1992 da 2012. A 2012 ban haifi Fahad ba. Garin nan yanzu ko'ina kore da ruwan ɗorawa, launin Donegal, har tumaki an shafa wa fenti a bakin hanya. Yaron nan ya rubuta sunan Michael Murphy, gwarzon ɗan wasan Donegal, a bayan littafinsa na makaranta. Me zan ce masa?

Malam Isyaku, Ballyhaunis: Ku ba ni dama in sa baki, na daɗe ina karantawa. Shekarata 19 a Mayo. Gundumar nan rabonta da kofin tun 1951, kuma daga 1989 zuwa 2021 ta je wasan ƙarshe sau 11 ta dawo hannu rabbana. Saboda haka neman tikiti na ga irinsa har na gaji, kuma ina gaya muku kuna jayayya a kan reshe kun bar tushe.

Ba a sayar da tikitin wasan ƙarshe a kasuwa. Ko kana da yuro 1,000 a hannu babu tagar da za ka je ka saya. GAA tana raba shi ga hukumomin gundumomi, su kuma su raba wa kulob-kulob. Kowace gunduma tana da kaso, har wadda aka fitar tun watan Mayu, haka rassan ƙasashen waje, da makarantu, da alƙalan wasa, da masu ɗaukar nauyi. Ga kuma dubban kujerun alfarma da kamfanoni da masu hali suka riga suka biya na shekaru. Abin da ya iso ƙaramin kulob sai ka ga bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na masu nema ba. Daga nan sai ƙuri'a.

Na taɓa zama a zauren wani kulob daren da aka yi ƙuri'ar. An zuba sunaye a bokitin roba, ma'aji yana zarowa yana karantawa. A gefena akwai wata dattijuwa, ita ke wanke rigunan yara 'yan ƙasa da shekara 14 duk Asabar, ita ke dafa shayi in an yi baƙi, shekara da shekaru ba ta karɓi ko sisi ba. Ta zo da kuɗinta a ambulan, ta riƙe shi a cinya da hannu biyu. Aka gama zaro sunaye babu nata. Ta mayar da ambulan jaka, ta tashi ta hau tattara kofunan shayi. Washegari na ɗauki wani fasinja da ko sunan mai tsaron ragar Mayo bai sani ba, yana gaya mini ta waya ɗaya ya samu tikiti biyu daga wani abokin kasuwancinsa. Matar nan ba farashi ne ya hana ta ba, kuɗinta na hannunta. In an mayar da tikitin yuro 50 gobe, masu nema ne za su ƙaru, ita kuma tana nan inda take.

Dakta Hadiza: Malam, wannan ita ce maganar. Allah ya saka.

Maman Fahad: Malam Isyaku, jikina ya yi sanyi da labarin matar nan. Amma ban janye ba. Matsala biyu ce, ba ɗaya ba. Akwai wanda ƙuri'a ba ta faɗo masa ba, akwai kuma wanda bai ma sa sunansa a bokitin ba don ya san ko ta faɗo ba zai iya biya ba. Ina aiki da irinsu a gidan kula da tsofaffi. Su ba a ganinsu a zauren, shi ya sa ake cewa kowa yana iya biya tunda fili yana cika.

Nura: To ba a samu a hannun 'yan bayan fage? A gida in tikiti ya yi wuya ai a bakin ƙofa ake samu.

Alhaji Bala: Kul, ƙanena. Tun 2021 akwai doka a Ayalan da ta hana sayar da tikitin irin wannan fili sama da farashinsa, tara tana iya kaiwa yuro 100,000 ko ɗaurin shekara biyu. Kuma tikiti yanzu a waya yake, ɗan damfara zai iya tura wa mutum biyar hoto ɗaya, na farko ya shiga sauran su tsaya a waje. Kada ka tura wa wanda ba ka sani ba kuɗi.

Injiniya Sabi'u: Bari in ƙara wani abu. Wanda ya biya yuro 100 yana da haƙƙin ya ga wasa. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. A 2014 waɗannan biyun suka haɗu a wasan ƙarshe, Kerry ta ci da maki 15 da 12, kuma mutane da yawa sun fito suna cewa tsaron gida kawai suka kalla. A 2024 Armagh ta doke Galway 14 da 13, an yi ta zagaya ƙwallo a tsakiyar fili. In za a karɓi kuɗin nan a ba mutane abin kallo.

Dakta Hadiza: Ai saboda wannan kukan aka kafa kwamitin Jim Gavin don gyara dokokin wasan, kuma a 2025 an ga bambanci. Dole kowace tawaga ta bar mutum uku a gaba, wanda ya harba daga bayan layin mita 40 ya ci maki biyu. Kerry ta zuba wa Armagh maki 32 a wasan kusa da na kusa da ƙarshe, Donegal ta ci Meath ƙwallo uku a raga da maki 26. Abin kallo kam akwai.

Amma Injiniya, karin maganarka ta juya maka baya. Kai da bakinka ka ce 'yan wasa ba su ci ladan kowa ba. To askin wa za su yi? Nan Kerry kofi 38 gare su kafin wasan ƙarshe na 2025, kuma duk shekarar da ba a ɗauko ba kamar an yi rashi ne. Na zauna a filin Killarney na ji babban mutum yana surfa wa yaro ɗan shekara 22 zagi don ya ɓarar da ƙwallo, yana cewa ai kuɗi ya biya. Yaron nan da safe zai tafi aiki kamar kowa, wataƙila uwarsa tana layi na biyu tana ji. Abin da nake tsoro game da tsadar tikiti ke nan, fiye da aljihu. Duk lokacin da farashi ya hau, mai goyon baya yana ƙara ɗaukar kansa mai sayen kaya, yana ganin ɗan wasa bashi ya ci masa. Kujera ka saya. Yaron ba ka saye shi ba.

Malam Isyaku: Mu a Mayo mun ga 'yan wasan da aka bi har shafukansu ana ci musu mutunci bayan 2021. Wasu ma ba su taɓa zuwa wasan lig a watan Fabrairu ba, ranar ƙarshe kawai ake ganinsu.

Alhaji Bala: To Hajiya, me kike so a yi takamaimai? Jarlath Burns ne shugaban GAA, a ce yana jin ki.

Maman Fahad: Abu biyu. A ware wani ɓangare na fili ga iyali, yaro ɗan ƙasa da 16 ya shiga da rabin kuɗi in yana tare da babba. Sannan a ƙara kason gundumomin da ke wasa, kulob kuma ya fara ba masu yi masa aikin gayya kafin a zuba sauran a bokiti. Yuro 100 ga babba zan iya haɗiye shi in an yi waɗannan.

Injiniya Sabi'u: Na biyun na yarda. Na farkon, duk kujerar da aka ba yaro an hana wani dattijo da ya shekara 40 yana bin tawagar. Filin ba ya ƙaruwa.

Maman Fahad: Dattijon ma yana yaro wani ya ɗaga shi a kafaɗa ya shiga da shi, shi ya sa ya shekara 40 yana bi.

Malam Isyaku: Hajiya, yaushe ne ƙuri'arku?

Maman Fahad: Alhamis da ƙarfe takwas na dare. Mun sa suna biyu, nawa da na babansa. Mun yi shawara in ɗaya ya fito, babansa zai nemi na biyu su tafi da Fahad, ni in karɓi aikin Lahadi.

Malam Isyaku: Kulob ɗinmu ma yana samun 'yan kaɗan ko da Mayo ba ta ciki, kuma ni memba ne. Zan sa sunana gobe in sha Allah. In ya fito na Fahad ne, a kan kuɗin da ke jikinsa. Ki turo mini lambar babansa ta gefe.