"Ƙwayar cuta" ta yi mana kaɗan: wane suna za mu ba microbe?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Taimakonku nake nema a kan kalma guda, kuma zan faɗi tawa shawarar ku auna ta. Kalmar ita ce microbe, wadda duk wanda ya yi boko da Faransanci ya sani tun yana ƙaramin aji, ma'aikatan asibiti kuma suna furta ta "mikirob". Duk inda aka juya ta zuwa Hausa, a rediyo ko a takardun wayar da kai, "ƙwayar cuta" ake cewa. A asibiti ba laifi. Amma a ɗakin gwaje-gwajen da nake aiki a nan Ngaundere ta ƙasar Kamaru, inda abinci muke bincike, wannan fassarar kullum sai ta sa mu faɗi abin da ba shi ke bakinmu ba.

Bari in nuna muku aikin don ku ga inda gizo ke saƙa. Ana kawo mana kindirmo daga kasuwa ko daga ruga. Mu ɗebi mililita 1 mu zuba cikin mililita 9 na ruwan gishiri da aka dafa a tukunyar matsi, zafi digiri 121 na minti 15, yadda ba mai rai da zai saura a ciki. Daga wannan mu sake ɗibar 1 mu zuba cikin wani 9, haka har sau shida ko bakwai, hannu kusa da harshen wuta don kada iska ta jefo mana baƙo. Sai mu shafa ɗan kaɗan a kan faranti mai daskararren abinci, mu rufe, mu kife shi a akwatin ɗumi. Bayan kwana ɗaya ko biyu fararen ɗige-ɗige sun fito, kowane ɗigo zuriyar halitta guda ce da ta yi ta rabewa biyu. Mu zaɓi farantin da ɗigonsa ke tsakanin 30 da 300, mu ƙirga, mu ninka lissafi. Kindirmo lafiyayye, wanda za ka ba ɗanka ba fargaba, yakan ba da miliyoyi masu yawa a mililita guda.

Waɗannan miliyoyin su suka yi kindirmon. Su ne ke cin sukarin da ke cikin madara su mayar da shi tsami. Ma'aunin tsamin, wanda lambarsa ke raguwa yayin da tsami ke ƙaruwa, yana saukowa daga wajen 6.7 har ya kai 4.6, a nan madarar ke kamewa, abin da iyayenmu ke cewa nono ya yi barci. Tsamin nan kuma shi ke takura wa da yawa daga cikin masu sa ciwon ciki. Matar da ta tafasa madara, ta bari ta huce, ta zuba ɗan ragowar na jiya ta rufe ƙwarya, ba ta taɓa ganin su ba, amma ta fi yawancinmu sanin halinsu: ta san in madarar ta yi zafi da yawa ba zai kama ba, ta san a lokacin sanyin Adamawa sai an lulluɓe ƙwaryar.

To yanzu ka koma wurin wannan baiwar Allah da sakamako, ka ce mata: "Inna, mun samu ƙwayoyin cuta miliyan ɗari a nononki, madalla." Me ka gaya mata? Ka ce sana'arta guba ce. In ka yi ƙoƙarin gyarawa sai ka faɗa cikin maganar da nake ji a kafafen yaɗa labarai tana ci mini rai, wai "ƙwayoyin cuta masu amfani". Mai sauraro yana da gaskiya in ya tambaya: cuta ce ko amfani? Kuma illar ba ta tsaya ga ɓacin rai ba. Ranar da muka samu ainihin abin tsoro, irin wanda ke kawo bakkale (ciwon da ke sa shanu ɓari, yana kuma kama mutum) ko tarin fuka daga madarar da ba a tafasa ba, ba mu da sauran kalmar da za mu ja kunne da ita, don mun riga mun ɓarnatar da "cuta" a kan masu yi mana aiki.

Su kansu masu kalmar ba cuta suka sa a cikinta ba. Wani likitan fiɗa na Faransa, Charles Sédillot, shi ya ƙirƙiro ta a 1878 daga kalmomin Girkanci biyu, ƙarami da rayuwa. Tun kafin nan, a 1857, aikin da Louis Pasteur ya wallafa a kan waɗannan halittu a kan tsamin madara ne, maganar cututtuka daga baya ta biyo. Mu dai ta ƙofar asibiti labarinsu ya shigo mana, shi ya sa muka san su da mugun suna kawai.

Alhali gidajenmu cike suke da aikinsu. Kalwar da aka dafa aka rufe kwana biyu ko uku ta zama daddawa, wata baktiriya ce mai suna Bacillus subtilis ke farfasa ta, ita ke ba da warin nan da ƙamshin miya. Haka daddawar batso ta gurguzu, wadda a wajen Marwa ake kira mbuja. Ƙullun masa da ya kwana ya tashi, yis ne. Ka tuge gyada ko wake ka duba saiwar, za ka ga ƙananan ƙulle-ƙulle, ka fasa ɗaya da farce ka ga cikinsa ja-ja: baktiriya ce zaune a ciki tana kamo sinadarin naitirojin daga iska tana ba shukar. Manomin da ke bin wake da dawa a gona ɗaya da su yake aiki. Ilimin waɗannan halittu da muke yi a jami'a, reshen da ake ce wa na amfani, ba komai ba ne illa a ware waɗannan, a san sunansu da halinsu, a zaɓi nagari a ajiye, a san yadda za a kori miyagu.

Na bi kalmomin da ake da su ɗaya bayan ɗaya. "Ƙananan halittu" ana rubuta ta sosai, amma cinnaka ma ƙaramar halitta ce, haka ƙuma da kwarkwata. "Ƙwayar halitta" an riga an ɗora mata kaya biyu, ana kiran tubalin jiki da ita, ana kiran abin gado da ita, ba ta da wurin na uku. "Halittun da ido ba ya gani" ta faɗi gaskiya, sai dai ta yi tsawo, ba za ka maimaita ta sau goma a darasi guda ba. "Mikirob" gajeriya ce, an san ta a Kamaru da Chadi da Nijar, amma a bakin mutane ita ma ta zama cuta zalla, kuma ɗan Kano ko Zariya bai taso da ita ba.

Shawarata ita ce gagara-ido. Ginin ba baƙo ba ne, muna da gagara-badau, gagara-gasa, gagara-misali. Tana faɗin abu guda da ya haɗa su duka, mai kyau da mugu: ido shi kaɗai ba ya kai musu. Ido tsirara ba ya rarrabe abin da ya gaza kashi ɗaya cikin goma na milimita, baktiriya kuwa sai ka jera kamar dubu kafin su cika milimita guda. Kalmar ba ta yabo, ba ta zagi. Ga ta a cikin magana, ku ji ko tana tafiya: "Gagara-ido ne ke sa nono ya yi tsami." "Wasu gagara-ido na kawo cuta, wasu na gyara abinci." "Ki tafasa madarar, zafi na kashe gagara-idon da ke ciki."

Bayan na gabatar da wannan shawara kun aiko da amsoshi. Na karanta su, Allah ya saka da alheri, bari in bi waɗanda suka fi nauyi.

Baba Malam na Garwa, Allah ya ƙara lafiya. Ka ce aljani ma ya gagari ido, kada a jefa mutane cikin ruɗani. Maganar tana da ƙarfi, kuma saboda ita ce na guji "halittun ɓoye" tun farko, don wannan kam kai tsaye can take kai hankali. Amma ina ganin bambancin yana cikin kalmar "ido" ɗin. Ban ce gagara-gani ba. Waɗannan ana ganin su, sai dai da madubin ƙara girma, kuma duk wanda ya zo wurinmu zan ɗiga masa ruwan kindirmo a kan gilashi, in rina, ya leƙa ya ga 'yan sanduna da 'yan dunƙule a jere kamar carbi. Tun shekarun 1670 wani ɗan kasuwar yadi a Holan, Antonie van Leeuwenhoek, ya gan su da gilashin da ya goga da hannunsa. Abu ne da ake aunawa, a ƙirga, a kashe da wuta. Sau ɗaya malami zai faɗi haka a aji, ɗalibi ba zai sake haɗa su da gaibu ba.

Yayata da ke koyarwa a Marwa, kin kawo funfuna, kin ce ai ita ana ganin ta a kan burodi da gyada, ta yaya za ta shiga gagara-ido? Wannan tambayar ta fi ba ni aiki. Abin da kike gani taro ne, bayan sun hayayyafa sun yi yawa. Ƙwayar da ta fara sauka a kan gyadar ba wanda ya gan ta, kuma nan ne haɗarin yake. Funfunar da ake kira Aspergillus flavus tana barin dafi mai suna afalatoksin a gyada da masarar da aka adana da danshi, dafin yana lalata hanta, girki na yau da kullum kuma ba ya kawar da shi. An gano shi ne bayan talo-talo kusan 100,000 sun mutu a Ingila a 1960 saboda abincin gyada. Gyada na iya ɗauke da shi alhali a ido ba ta nuna komai. Don haka sunan yana koyar da darasin da muke so manomi ya riƙe: kada ya jira sai ya gani. "Funfuna" tana nan a matsayinta, reshe ce a ƙarƙashin gagara-ido, kamar baktiriya da yis.

Ɗan'uwa daga Njamena, ka tuna mini abu biyu masu kyau. Na farko, Larabci ya riga ya yi wannan rabon da nake nema: akwai jarasim na cuta, akwai ahya'u daƙiƙa ga jinsin baki ɗaya. Na biyu dihe, koren abin nan da matan Kanembu ke tacewa daga tafkunan kanwa a yankin Tafkin Chadi, su shanya a kan yashi ya zama waina, a yi miya da shi. Shi ma baktiriya ne, shi ake sayarwa a duniya da sunan sifirulina. A ce wa matar da ke ciyar da gidanta da shi "ƙwayar cuta" take tarawa, wannan zalunci ne ga harshe da sana'a duka.

Ƙanena mai karatun likitan dabbobi ya ji tsoron ko so nake a jefar da "ƙwayar cuta". Ko kusa. Ina so ne a mayar da ita gidanta. Mai kawo kwalara ƙwayar cuta ce, mai kawo ciwon huhun shanu ƙwayar cuta ce, har wadda ake raunanawa a yi allurar rigakafi da ita a ɗakin gwaje-gwajen dabbobi na ƙasa da ke Bokle kusa da Garwa. Kowace ƙwayar cuta irin waɗannan gagara-ido ce, amma ba kowane gagara-ido ne ƙwayar cuta ba. In kalmar ta daina yawo a kan nono da daddawa, ranar da aka furta ta mutane za su tashi tsaye.

Wata Hajiya mai sana'ar yogot ta ce su abin da suke zubawa a madara "iri" suke ce masa. Hajiya, kin hutar da mu neman wata kalmar. Abin da muke ajiyewa a firji cikin kwalabe, wanda Faransanci ke kira ferment, shi ne wannan irin naku, bambancin kawai namu an tace shi an san abin da ke ciki. Ba sai an ƙirƙiro komai ba a nan.

Masu tambayar jam'i: ba ya canzawa, kamar ɓata-gari. Wani gagara-ido, wasu gagara-ido. Namiji ne a nahawu, don haka "gagara-idon nono", "gagara-idon ƙasa". Fannin kansa ilimin gagara-ido, reshen da muke yi kuma ilimin sarrafa gagara-ido. Ɗigon da ke fitowa a faranti, wanda muke ce wa colonie, na karɓi shawarar da aka bayar ta "gungu". Da waɗannan huɗun, gagara-ido, ƙwayar cuta, iri da gungu, zan rubuta bayanin tsaftar madara da za mu karanta wa ƙungiyar mata masu nono, in kuma wata jimla ta ƙi zama a bakinsu zan dawo da ita nan mu gyara.