Tambaya: Yaya zan gane samfurin tsohon babur ɗin Yamaha na shiga daji, kuma daga ina zan fara gyaransa?

Ɗan Malamin Gona, Funtuwa

Assalamu alaikum, iyayena da yayyena masu sanin harkar babura. Ina neman shawararku game da wani tsohon babur ƙirar Yamaha, irin dogon nan na shiga daji mai shan man tu-ti, wato man da yake ƙonewa tare da fetur, wanda mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya yi aikin malamin gona da shi. Tun da ya ajiye aiki babur ɗin yake jingine a cikin ɗakin ajiya, kuma da aka zo rabon gado na roƙi 'yan uwana su bar mini shi, domin burina in maido da shi yadda yake a da, ba in sayar wa 'yan gwangwan ba.

Matsalata ta farko ita ce ban san ainihin samfurinsa ba, domin gara ta cinye takardunsa. A murfin gefe akwai sauran rubutu da ke nuna 175, amma bakaniken unguwarmu ya dage cewa 125 ne. Ba shi da shokazoba biyu a gefen tayar baya, guda ɗaya ce doguwa da ta shige ƙarƙashin tanki. Ba shi da lagireto, tayar gaba ta fi ta baya girma, salansa kuma ta bi ta sama. Idan na taka kik da hannu yana motsi, har ina jin ɗan ƙarfi a cikinsa. Bakaniken ya ce mu zuba fetur, mu sa sabon fulogi, mu buga mu gani ko zai tashi, amma zuciyata ba ta kwanta da hakan ba. Ta yaya zan tabbatar da samfurinsa, kuma mene ne ya kamata in fara yi?

Tsohon Bakanike, Kaduna

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya jiƙan mahaifinka, ya sa ya huta. Abu na farko da zan roƙe ka shi ne kada ka bari kowa ya buga babur ɗin nan tukuna, kuma zan zo kan dalili bayan mun gama maganar gane shi.

Siffar da ka bayar ta 'yan gidan DT ce, wato jerin baburan da Yamaha ta fara da DT-1 mai 250 a shekarar 1968. DT175 ya fito a 1974 da shokazoba biyu a baya da giya biyar. A 1978 aka sauya masa jiki, aka sa masa shokazoba ɗaya da kamfanin ya kira Monocross, aka ƙara giya ta zama shida, kuma shi ne wanda aka sani da DT175MX. Saboda haka idan 175 ne, naka bai girmi 1978 ba. Rashin lagireto ya nuna cewa naka ba DT125LC ba ne, mai sanyaya inji da ruwa, wanda ya zo a farkon shekarun 1980. Sai dai shokazoba ɗaya ba ta isa ta gaya maka shekara ba, domin bayan an daina sayar da DT175 a Amurka a 1981 an ci gaba da ƙera shi shekaru masu yawa saboda kasuwannin Afirka da Kudancin Amurka da Ostareliya, kuma siffarsa ba ta sauya sosai ba. Ka dubi ƙarfen da ke riƙe da tayar baya: na farko-farkon zagayayyen bututu ne, na baya kuma mai kusurwa huɗu ne.

Murfin gefe ba shaida ba ne, domin kowa yana iya ciro shi daga wani babur ya ɗaura. Shaida tana wurare uku. Akwai lambar da aka buga a wuyan firam, inda kan babur yake juyawa, akwai lambar da ke jikin injin a saman akwatin giya, sannan akwai adadin girman injin da aka zuba tare da ƙarfen bulok, wato gidan da fistin yake hawa da sauka a ciki, a gindinsa. Ka wanke wuraren da kalanzir da burushi mai laushi, kada ka sa fayil ko takardar yashi mai kaushi, domin lambar da aka goge ba ta dawowa, kuma za ka buƙace ta ranar da za ka sabunta takardu. A tsofaffin Yamaha lambar firam da ta inji iri ɗaya ce idan ba a taɓa sauya injin ba, kuma haruffa ukun farko su ne alamar samfurin. A gindin bulok za ka ga 171 idan 175 ne, ko 123 idan 125 ne. Idan har yanzu akwai gardama, sai a cire kan injin a auna faɗin ramin fistin: na 175 milimita 66 ne, na 125 kuma milimita 56, alhali tafiyar fistin a dukansu milimita 50 ce. Wannan kusancin ne ya sa daga nesa ko bakanike yana iya rikita su.

Yanzu ga dalilin da ya sa na hana ka bugawa. Injin tu-ti ba ya ajiye baƙin mai a ƙarƙashin fistin kamar injin Bajaj da yaran yanzu suka saba da shi. Ɗakin karanshaf, wato ƙarfen da fistin yake juyawa daga ƙasa, wuri ne da ake matse haɗin iska da fetur kafin ya hau sama, kuma oyil sil guda biyu ne suke rufe shi, ɗaya a hagu, ɗaya a dama. Roba ce, kuma robar da ta yi shekaru a zafin ƙasarmu ta riga ta bushe. Idan na hagu, wato na ɓangaren magnato mai samar da wutar fulogi, ya tsage, injin zai riƙa shan iskar da ba ta bi ta kafireto ba, fetur ya yi kaɗan a haɗin, zafi ya yi yawa, har fistin ya kama ko ya huje. Idan na dama ne, zai riƙa zuƙo man giya yana ƙonawa da hayaƙi mai kauri. Ga kuma boris ɗin karanshaf da wataƙila tsatsa ta taɓa su. Babur ɗin yana iya tashi a bugu na uku, kowa ya yi murna, bayan kwana biyu injin ya buga, ka rasa bulok na asali wanda samun irinsa yake da wuya. Ka cire fulogi, ka ɗiga man tu-ti kaɗan a ramin, ka cire salansa ka haska fitila ka dubi jikin fistin da ringi ko akwai karce, sannan ka dawo mana da abin da ka gani.

Alhaji na Maraɗi

Salamu alaikum. Abin da Malam na Kaduna ya faɗa gaskiya ne, ina so kawai in ƙara da abin da muka sani a nan Nijar. A wajenmu DT125 ya fi yawa, kuma har yanzu ana ganinsa a hannun ma'aikatan da suke shiga karkara, don haka wanda ya rasa kaya a Panteka ta Kaduna ko a Kano yana iya sa a duba masa a Maraɗi ko a kasuwar Katako ta Yamai. Amma ka kula, ɗan uwa, domin yawancin waɗannan babura an yi musu haɗe-haɗe, firam na wannan, injin na wancan, saboda haka kada ka sayi komai da suna kawai. Ka tafi da tsohon kayan a hannunka, a ɗora shi kusa da sabon a gwada.

Shawarata ta biyu ita ce ka cire famfon man tu-ti gaba ɗaya, ka toshe hanyarsa, ka riƙa haɗa man da fetur da hannunka, wajen mililita 30 a kowace lita ɗaya. Famfon da ya tsufa yana iya daina aiki ba tare da ka sani ba, kuma ba za ka gane ba sai injin ya kama a tsakiyar hanya. Abin da ka auna da hannunka ka san ya shiga.

Injiniya, Zariya

Ranka ya daɗe Alhaji, ina girmama shawararka, kuma na san da yawa daga cikin masu waɗannan babura haka suke yi, amma a wannan babur ban goyi bayan cire famfon ba. Mai tambaya ya ce yana so ya maido da shi yadda yake, kuma wannan famfon, wanda Yamaha ta kira Autolube ta kuma fara sa shi a baburanta a 1964, yana cikin abubuwan da suka sa talaka ya iya riƙe injin tu-ti ba tare da yawo da gwangwanin awo ba. Karanshaf ne yake juya shi, kebul ɗin totur kuma yana ƙara ko rage yawan man da yake turawa, don haka a tafiyar hankali yana ba da kaɗan, a gudu ya ba da mai yawa. Akwai wurin da ya fi haɗin hannu nesa ba kusa ba, wato gangara mai tsawo inda mutum ya saki totur alhali injin yana juyawa da sauri. A haɗin hannu, fetur ya ragu ke nan mai ma ya ragu, amma famfo yana ci gaba da turawa muddin injin yana juyi.

Yawancin abin da ake ɗora wa famfon laifin tiyo ne da ya tsage, ko iska da ta shiga bayan tankin mai ya ƙafe, ko kebul da ba a saita ba. A sauya tiyoyin, a kwance ƙaramin nocin fitar da iska har mai ya fito babu kumfa, a daidaita alamar da ke jikin faifan famfon da ɗan tsinin da ke gefensa kamar yadda littafin gyaran samfurin ya nuna. A tankin farko za ka iya haɗa mai kaɗan a fetur don kariya, kana lura ko man da ke cikin tankin tu-ti yana raguwa. Man da za ka saya ya kasance na tu-ti na gaskiya mai alamar JASO FC ko FD, kada a zuba masa baƙin man mota. Ina kuma jan kunnen duk mai karanta wannan da yake da Suzuki TS: a yawancinsu famfon yana kai mai kai tsaye cikin boris ɗin karanshaf, saboda haka cire shi ya fi haɗari a can fiye da a Yamaha.

Game da sauran aikin, kafireto ɗin Mikuni ne, a kwance shi a jiƙa, a busa ramukansa da iska, kada a tsokane su da waya domin ramin da ya faɗaɗa ya lalata awo. Tsakanin kafireto da bulok akwai 'yan siraran faifai da suke buɗewa su rufe, a duba ko sun tsage ko sun daina kwanciya daidai, a duba robar da ke riƙe da kafireto ita ma. Soson tace iska ya riga ya zama gari, a sa sabo a shafa masa mai, domin ƙurar hunturu tana cin ringi da sauri ƙwarai. Shokazobar nan kuwa akwai iskar nitirojin a matse a cikinta, kada mai walda ya kusance ta da wuta, kada kuma a huda ta.

Ɗan Malamin Gona, Funtuwa

Na gode ƙwarai, Baba na Kaduna, Alhaji da Injiniya, Allah ya saka da alheri. Na wanke wuraren da kalanzir kamar yadda aka ce. Lambar firam da ta inji sun zo iri ɗaya, a gindin bulok an rubuta 171, ƙarfen tayar baya kuma mai kusurwa huɗu ne. Da na cire salansa na ga karce a jikin fistin daga sama zuwa ƙasa, bakin hanyar hayaƙi kuma ya kusa toshewa da baƙin gawayi. Cikin tankin fetur akwai tsatsa, amma bai huje ba. Na yanke shawarar barin famfon a wurinsa. Shin karcen nan yana nufin sai na nemi wani bulok ɗin?

Tsohon Bakanike, Kaduna

Madalla, ɗana, DT175 ne, kuma injinsa na asali ne, wanda ba kowa yake dacewa da haka ba. Kada ka yi saurin neman wani bulok. Ka cire kan injin ka goge saman fistin, domin idan an taɓa yi masa borin, wato faɗaɗa ramin fistin, za ka ga an buga 0.25, 0.50, 0.75 ko 1.00, idan kuwa babu komai to mai yiwuwa yana kan awonsa na farko, kana da sauran dama har sau huɗu. Ka fara sayen fistin da ringi na awo na gaba, sannan ka kai su tare da bulok wurin mai borin ya yanka daidai da fistin da ke hannunsa. Ka ce masa ya kashe kaifin bakin ramukan da ke cikin bulok bayan ya gama, in ba haka ba ringi zai riƙa kamawa a wurin har ya karye.

Karcen yana da sanadi, kuma idan ba a gano shi ba sabon fistin ma haka zai yi, shi ya sa nake so a raba injin gida biyu a sauya oyil sil da boris da gaskit gaba ɗaya. Kafin a raba, ka kama kan kwanrod, wato sandar da ta haɗa fistin da karanshaf, ka ja shi sama da ƙasa. Motsin gefe kaɗan ba laifi ba ne, amma idan ka ji yana wasa sama da ƙasa to sai an sauya shi. Wajen cire magnato a yi amfani da abin zarewa na musamman, wanda zarensa na hagu ne, kada a sa guduma, domin bugu ɗaya yana iya lanƙwasa bakin karanshaf.

Salansa a ƙona gawayin cikinta a kakkaɓe. Tanki a zuba masa ruwan tsami na binega da 'yan notuna a girgiza, a wanke, a busar da shi sosai a ranar, sannan a sa ƙaramin matacin fetur a tiyo. Takalman birki a sauya su ko da sun yi kama da masu kyau, domin gam ɗin da ke riƙe da fatarsu yana sakewa idan ya tsufa, kuma fatar da ta ɓalle tana iya kulle taya. Fenti ka bar shi zuwa ƙarshe, kuma kafin a taɓa tankin ka ɗauki hoton zanensa ta kowane gefe tare da ma'auni, domin mai fenti ya samu abin bi. Idan an haɗa injin, fulogin NGK B8ES ne ya dace da shi. A tankunan farko ka tafi a hankali, ka riƙa tsayawa yana hucewa, kana cire fulogi kana duba launinsa: ruwan ƙasa-ƙasa shi ake so, idan ya yi fari ka kashe injin ka nemi inda iska take shiga. Ka turo mana haruffa ukun farko na lambar firam, ban da sauran lambobin, domin mu duba maka shekarar da kuma kasuwar da aka ƙera shi dominta kafin ka sayi kayan wuta.