Wai me Abu Ali ya yi ne har yanzu ake kiran sunansa?

Ɗan Gwammaja:
Salamu alaikum jama'a. Don Allah ina da tambaya, duk shekara idan watan Nuwamba ya kama sai in ga ana ta yawo da hoton wani soja a Facebook ana cewa Allah ya jiƙan Sarkin Yaƙi Abu Ali. Na san dai a Borno aka kashe shi amma wai me ya yi takamaimai, kuma ɗan ina ne? Wasu na cewa ɗan Bauchi ne wasu Kano.

Malam Kyari Bulunkutu:
Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ba ɗan Bauchi ba ne, asalinsu jihar Kogi ne, Bassa-Nge. Abin da ya sa ake cewa Bauchi, mahaifinsa Birgediya Janar Abu Ali ya yi gwamnan soja a can daga 1990 zuwa farkon 1992, daga baya ya zama Etsu na Bassa-Nge. Shi kuwa ɗan sunansa Muhammad Abu Ali, Laftanar Kanar, kwamandan bataliyar tankoki ta 272.

Ka tuna watan Janairu 2015 da 'yan Boko Haram suka cinye Baga har da barikin sojojin haɗin gwiwa, mutane suka yi ta faɗawa tafkin Chadi wasu a kwalekwale wasu da iyo, to mu nan Maiduguri lokacin kowa cikinsa ya ɗuri ruwa don Monguno ma ta faɗi a ƙarshen watan, kullum jita-jita gobe za su shigo gari. Da aka kawo tankokin T-72 shi ne a gaba wajen ƙwato Monguno da Baga a watan Fabrairu, lokacin ma yana Manjo. A watan Satumba na shekarar Janar Buratai, babban hafsan sojin ƙasa na lokacin, ya je Gamboru Ngala da kansa ya liƙa masa sabon muƙami a fagen daga, ba a jira lokacin ƙarin girma ya yi ba, kuma aka ba shi lambar yabo ta jarumta. Ni abin da ya fi burge ni kenan, an karrama shi yana raye ya gani da idonsa.

Hajjaju Umman Sadik:
Allah sarki. Ranar 4 ga Nuwamba 2016 ne aka kashe shi a Malam Fatori, da dare suka kawo hari. Shekararsa 36 kacal fa, ya bar mata da 'ya'ya uku ƙanana. Ranar da aka rufe shi a maƙabartar sojoji ta Abuja har Buratai sai da ya share hawaye, ni a talabijin na gani wallahi ban iya ƙarasa kallo ba.

Tsohon Kofur:
Hajiya Allah ya jiƙansa da rahama, jarumi ne ba musu. Amma ni fa akwai abin da ke ci min tuwo a ƙwarya. Ba shi kaɗai aka binne ranar ba, akwai sojoji shida da aka rufe tare da shi, a cikinku wa zai iya kawo sunan ko ɗaya? Kullum hafsa ake tunawa, kurtun da ke tuƙa tankar ko mai loda harsashi shiru kake ji. An sa wa filin harbi na dajin Sambisa sunan Abu Ali a 2017, madalla ya cancanta, to su sauran fa, matansu wa ke leƙa su? Sai 15 ga Janairu, ranar tunawa da 'yan mazan jiya, a ajiye furanni a saki tantabaru kowa ya watse.

Malam Kyari Bulunkutu:
Ranka ya daɗe Kofur maganarka dutse. Sai dai ka san yaransa ne da kansu suka fi kowa yabonsa, don ba irin kwamandan nan ba ne mai zama a baya da rediyo a hannu yana cewa ku matsa gaba, shi ma yana cikin tanka tare da su. Sunan Sarkin Yaƙin ma ai ba gwamnati ce ta raɗa masa ba.

Ɗan Gwammaja:
Na gode ƙwarai manya. Malam Fatorin nan ita ce ta bakin iyakar Nijar ko?

Tsohon Kofur:
Ita ce, ƙaramar hukumar Abadam, ka tsallaka kogin Komadugu ka shiga Bosso.